Tsohon gilashi ba tsohuwar zuma ba ne

A ƙarshen daminar bara wani ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata, ya shigo mini gida a Badarawa bayan sallar isha'i, kyamara rataye a wuya, fuska babu annuri. Daga wurin kamu yake a Unguwar Dosa, aikin biki na farko da aka taɓa damƙa masa shi kaɗai ba tare da maigidansa ba. Ya ce, "Yaya, duba mini, ko idona ne." Muka juye hotunan a kwamfuta. Ba idonsa ba ne. A hoton da ake fesa wa amarya turare, ɗankunnenta ya fito tar, idanunta kuwa dishi-dishi. A wanda gwaggon ango ta rungume ta, abin da ya fito sosai shi ne labulen da ke bayansu. Fiye da rabin aikin haka yake, kuma kamu ba a maimaita shi.

Kyamarar sabuwa ce fil, irin marar madubi, da kuɗin adashe da rancen dangi aka haɗa aka saye ta. Abin da ke maƙale a bakinta kuwa ya girmi mai ita: Helios 44-2, gilashin Tarayyar Sobiyet mai milimita 58, wanda ya saya ta intanet saboda wasu samari a YouTube sun tabbatar masa cewa da shi ake ɗaukar finafinan Hollywood, kuma gilashin zamani ba shi da rai. Wannan huɗuba ce nake son in yi jayayya da ita a yau, domin ta cika wayoyin matasan masu hoto daga Kaduna har Kano, kuma masu yin ta ba su ne ke tsayawa gaban uwar amarya su ba da haƙuri ba.

Bari in fara da ba su haƙƙinsu, don maganar tasu ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Kowace kyamara tana da tazara ƙayyadajjiya tsakanin bakin da ake ɗaura gilashi (masu sana'a lens suke ce masa) da farantin da ke karɓar haske. A kyamarorin da, akwai madubi a tsakani, saboda haka tazarar tana da tsawo: milimita 46.5 a bakin Nikon F na 1959, milimita 44 a Canon EF na 1987, kusan 45.5 a bakin M42 mai murɗawa kamar murfin kwalba, wanda Helios da tsofaffin Pentax ke amfani da shi. Da Panasonic ya fito da G1 a 2008, Sony ya biyo da A7 a 2013, sannan Canon da Nikon suka shigo sahu a 2018, sai aka cire madubin, tazarar ta koma milimita 18 a Sony, 20 a Canon RF, 16 a Nikon Z. Ma'ana, bututun ƙarfe fanko mai tsawon kimanin milimita 27 da rabi ya isa ya zaunar da Helios a kan Sony daidai inda ya kamata. Wannan bututu shi ne adafta. Babu gilashi a cikinsa, babu waya, shi ya sa yake da araha. Nan take gilasan da suka shekara talatin a akwatunan Turai da Japan suka farka daga barci. Abu ne mai kyau, kuma ni ma na amfana da shi, kamar yadda za a gani a gaba.

Shi kansa Helios yana da asali. Kwaikwayon Biotar ne na kamfanin Carl Zeiss na Jamus, wanda Sobiyet ta kwashe zane-zanensa da injinansa daga birnin Jena bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga ƙarshen shekarun 1950 masana'antu irin na Krasnogorsk suka riƙa buga shi miliyoyi don kyamarorin Zenit. Abin da ya sa ake sonsa a yau shi ne wani aibi: idan aka buɗe ƙofar haskensa gaba ɗaya, bayan hoto yakan murɗe kamar guguwa ta kewaye mutum. Kuma gaskiya ne Greig Fraser, ɗan Ostareliya da ya ci Oscar da fim ɗin Dune, ya yi amfani da irin waɗannan gilasan Sobiyet a wasu sassan The Batman na 2022 da Dune kashi na biyu na 2024. Haka Zack Snyder ya ɗauki Army of the Dead na 2021 da wani Canon mai milimita 50 na farkon shekarun 1960.

To amma a nan ne huɗubar ke yin shiru, a nan kuma ni zan fara. Gilasan da Fraser ya ɗora ba a kwandon gwanjo ya tsinto su ba. An wargaza su, an wanke, an sake musu gida na ƙarfe mai haƙoran juya saiti, a kan kuɗin da ya ninka na asalinsu sau da yawa. A gefensa akwai mutum guda wanda ba shi da wani aiki a duniya sai juya saitin gilashi, an auna masa tazara da awo, an yi wa ɗan wasa alama a ƙasa inda zai tsaya. In an kuskure, darakta ya ce a sake. Ƙanena ba shi da mai juya masa saiti, ba shi da alama a ƙasa, ƙawayen amarya kuma ba sa jin "a sake". Ɗauko dabarar wancan fage a kawo ta tsakar gidan biki daidai yake da a ga mahayin Hawan Daushe a kan doki mai kwalliya a ce to da shi za a riƙa kai yara makaranta.

A yi lissafin abin. Gilashi mai milimita 58 a buɗe a f/2, mutum yana tsaye a tazarar mita 2, faɗin wurin da zai fito sosai bai wuce kimanin santimita 14 ba a babban faranti, ya kuma gaza haka a ƙarami. Taƙi guda ma bai kai ba. Amarya ta ɗan sunkuyar da kai don kunya, ta fita daga cikinsa. Kyamarar da ƙanena ya ci bashi ya saya tana da basirar gano idon mutum ta bi shi duk inda ya juya, kuma kaso mai tsoka na kuɗinta wannan basirar ya biya. Ranar da ya ɗaura mata bututun ƙarfe marar waya, ya kashe wannan basira da hannunsa. Ya sayi mota mai inji ya ɗaura mata shanu.

Akwai kuma abin da masu tallan ba sa faɗa wa mai ƙaramin faranti, alhali mafi yawan kyamarorin da matasanmu ke iya saye irinsu ne. Ƙaramin faranti tsakiyar hoton kawai yake kamawa, ya yar da gefe. Milimita 58 sai ya koma kamar 87 a Sony da Nikon da Fujifilm, kusan 93 a Canon. A falon gidan haya na Badarawa ko Kwaru, inda mata ashirin suka cika ɗaki, ina za ka ja baya? Bango ne a ƙeyarka. Sannan murɗewar nan da aka saye shi dominta a gefen hoto take, wato daidai wurin da farantin ya yanke ya zubar. An biya kuɗin guguwa, an samu iska. Wanda kuwa har yanzu Nikon mai madubi ke hannunsa, nasa ya fi muni: tazarar Nikon ta fi ta M42 tsawo, don haka gilashin ba zai kama abu mai nisa ba sai an sa adafta mai ƙarin gilashi, wanda galibi ke dusashe hoton. Haka tsofaffin Canon FD suke a kan Canon EF. An sha sayar wa yara waɗannan ba tare da an yi musu wannan bayani ba.

Sai maganar haskenmu, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Samarin da ke yabon laushin tsohon gilashi suna ɗaukar hotunansu ne a ƙarƙashin gajimaren Landan da Berlin, ko a dajin kaka mai jajayen ganyaye. Mu ɗaurin aurenmu da hantsi ake yi ko bayan sallar Juma'a, rana a tsaka, maza sanye da farar shadda mai sheƙi, fuskoki baƙaƙe a ƙarƙashin hula. Da wuya a samu jarrabawar da ta fi wannan tsanani ga gilashi. Tsohon da ba shi da shafe mai yawa a fuskarsa (Pentax sai a 1971 ya fito da shafensa mai hawa-hawa, Helios da yawa kuwa shafe ɗaya gare su) yakan bar haske ya yi ta yawo a cikinsa, ya zuba hazo a kan wuraren duhu. A hoton Bature wannan hazo yana ɓoye tabon fuska, a kira shi taushi. A fuskar baƙin mutum, inda kamannin ke zaune cikin bambance-bambancen duhu masu siriri, hazon yana mayar da fata toka-toka. A bakin farar riga kuma sai ka ga wani zare shuɗi ko jaja-jaja ya bi kafaɗa. Mun daɗe muna fama da kayan hoto da ba a auna su da fatarmu ba. Shekaru da dama Kodak yana daidaita launin fim ɗinsa da katin hoton wata Baturiya. Yanzu da aka samu kyamarorin da ke iya riƙe farar riga da baƙar fuska a hoto guda, sai mu da kanmu mu je mu sayo hazon mu ɗaura a gaba?

Yanayin garin ma ba ya goyon bayansu. Kaduna tana shan ruwa daga Afrilu zuwa Oktoba, a watan Agusta har takalmi yakan yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Fumfunar nan tana shiga gilashi, ta yi saƙa kamar ta gizo-gizo, in ta daɗe ta ci shafen har abada. Gilashin da ya shekara hamsin sau da yawa da irinta yake zuwa, ga giris da ya daskare ko ya narke ya malalo kan ganyayen ƙofar haske. Da damina ta wuce sai hunturu ya kawo ƙurarsa mai laushi kamar gari, tsohon gilashi kuwa babu robar toshe ƙura ko ɗaya a jikinsa. A Tokyo ko Hamburg akwai dattawan da sana'arsu ke nan, su buɗe su wanke su mayar. A nan, mai gyaran da za ka samu galibi gwanin waya ne ko na lantarkin kyamara, kuma ba laifinsa ba ne. Ka saya daga hoto a waya, babu garanti, babu mayarwa, kuma da yake masana'antun Sobiyet adadi suke bi, biyu masu suna ɗaya sukan bambanta kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, wannan kuwa arahar ma ta gudu tun ranar da sunan Batman ya hau kansa.

Za a ce mini, to ina kuɗin sabo? Tambaya ce ta gaskiya. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a Yunin 2023, dalar da ake canzawa a hukumance kan kusan naira 460 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, kuma kowane gilashi da dala ake shigo da shi. Kamfanonin su ma ba waliyyai ba ne. Canon ya watsar da masu FD a 1987 bai waiwaya ba, sannan da ya fito da bakin RF ya hana wasu kamfanoni yin gilasai masu saita kansu a kansa, har sai a 2024 ya buɗe wa Sigma da Tamron ƙofa, ita ma ta ƙaramin faranti. Ba na kare su. Ba na kuma kare ɗaya ƙungiyar da ke cikinmu, masu auna darajar mai hoto da girman abin da ya rataya, waɗanda za su sa yaro ya sayar da fili don gilashin f/1.2 da zai ɗauki hoton fasfo da shi.

Abin da nake cewa shi ne an ɓoye wa matasa zaɓi na uku, alhali shi ne ya fi dacewa da aljihunsu. Tsakanin kakan Sobiyet da jikan da ya fito bana akwai tsara guda cur: gilasan kyamarori masu madubi na shekaru talatin da suka wuce, masu injin saiti a cikinsu. Duk wani Canon EF tun daga 1987 yana aiki a kan sabuwar Canon ta adafta mai waya, da saitinsa da bin idonsa. Na Nikon masu alamar AF-S haka suke a kan Nikon Z, sai dai a kula, waɗanda suka girme su masu dogaro da injin jikin kyamara ba za su saita kansu ba. Turawa da Japanawa suna ta zubar da waɗannan don komawa sabon baki, saboda haka na hannu suna ta shigowa. Canon EF 50mm f/1.8 STM da ya fito a 2015 kimanin dala 125 aka sa masa yana sabo. Jikinsa roba ne, ba wanda zai yi maka kallon gwani don ka rataya shi, amma zai kama idon amarya. Ga kuma kamfanonin Sin irin su Viltrox da Yongnuo da ke yin masu saita kansu a farashi mai sauƙi ga Sony da Fujifilm da Nikon. Mai ƙaramin faranti da ke aikin cikin ɗaki ma milimita 23 zuwa 35 ya kamata ya fara nema, ko ya riƙe ɗan zuƙo-da-nisan da ake haɗowa da kyamara, wanda ake rainawa ba bisa haƙƙi ba. Da ƙanena ya je kamun nan da shi da fitila guda, da ya kwana lafiya.

Akwai wata hujja da ta fi ta kuɗi daɗin ji, ita ce ta gado: wai tsohon gilashi yana dawo da ruhin hotunan iyayenmu. Duk wanda ya faɗi haka bai zauna ya kalli hotunan ba. A duba aikin Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948: kowane zare na atamfa, kowane ƙulli na ɗankwali, kowane zobe a yatsa ana iya ƙirga shi. A duba Malick Sidibé, wanda aka ba Zakin Zinariya a bikin Venice na 2007, ko jerin hotunan kitso da J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara a 1968, inda kowace tsaga take a fili kamar taswira. Waɗannan mutane tsabtar hoto suke bi ido rufe. Sukan tsuke ƙofar haske, su kafa kyamara a kan ƙafa, su sa mutum ya tsaya cik, domin wanda ya biya kuɗi yana son a ga ɗinkin rigarsa da agogonsa. Har gobe haka mutanenmu suke. Amarya ta wuni ana zana mata lalle, ango ya biya aikin aska takwas a wuyan riga, sai mai hoto ya narkar da su duka ya ce fasaha ce? Murɗaɗɗen bayan hoto ba gadon Bamako ba ne, ba na Kaduna ba ne. Yayin Instagram ne da aka yi wa rawani.

In da gaske gadon ake so, ga inda yake yana ruɓewa. Keïta ya shahara a duniya ne saboda ya adana dubban nagetif ɗinsa. Da aka nuna hotunansa a New York a 1991 ba tare da suna ba, aka bi sawu har Bamako aka same su a ajiye. Kaduna gari ne da aka yi wa hoto ƙwarai: hedikwatar Jihar Arewa, gidan jaridar New Nigerian tun 1966, masaukin babban hawan dawaki na FESTAC a 1977, garin masaƙu da barikoki da 'yan makaranta, kowa kuma sai ya shiga situdiyo ranar sallah. Akwai wani dattijo a unguwarmu da ya yi wannan sana'a tun kafin a haife ni. Da na tambaye shi nagetif ɗinsa, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, gara ta riga ka." Buhu biyu ruwa ya ci a wata damina da rufin shago ya yoye, saura kwali guda a ƙarƙashin gado. Na nuna masa Helios ɗin ƙanena, ya jujjuya shi, ya ce a zamaninsu wanda bai samu na Japan ba ne yake haƙura da Zenit. Na ce masa yanzu yayinsa ake yi saboda yana sa hoto dishi-dishi. Ya dube ni ya ce su da a kan dishi-dishi ake hana su kuɗin aiki.

Kwalin nan yana ɗakina yanzu, kuma a nan ne tsohon gilashi ya samu aikin da ya dace da shi. Ina ɗaukar nagetif ɗin ɗaya bayan ɗaya da wani Micro-Nikkor mai milimita 55, f/3.5, ƙirar shekarun 1960, a kan adafta fanko irin wadda na gama kushewa. An ƙera shi ne don kwafar abu shimfiɗaɗɗe daga kusa, yana da kaifi daga tsakiya har kusurwa, nagetif kuma ba ya sunkuyar da kai don kunya, saboda haka saitin hannu ba ya cutar da kowa. Haka abin yake ga mai ɗaukar hira a zaune, ko hoton kayan sayarwa a kan tebur, ko ɗalibin da ke son ya koyi yadda haske ke aiki a ranar da ba kuɗin kowa a wuyansa. Ƙanena bai sayar da Helios ɗinsa ba, ban kuma ce ya sayar ba. Yana cikin roba mai murfi tare da ƙullin ƙwayoyin tsotse danshi, yakan fito da shi ran Lahadi da yamma ya ɗauki abokansa a bakin Kogin Kaduna. Iyayen amaryar sun karɓi rabin kuɗinsu, an cike kundin da hotunan da ƙawaye suka ɗauka a waya. Ya sayi na roban da saura.

A cikin kwalin dattijon, wanda ya fi tsaya mini a rai hoton wasu 'yan mata uku ne a gaban labule mai zanen jirgin sama, an ɗauka da Yashica mai ido biyu. Da na faɗaɗa shi a kwamfuta, ana iya karanta lokacin da ke kan agogon ta tsakiyar: ƙarfe huɗu saura minti goma.